'Yar Jarida da Haƙoran Inna

'Yar Jarida ake ce mata, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar gidan jarida ba. Ubanta ne mai sayar da jaridu a wata mahaɗar titi, yana da teburin katako da 'yan duwatsun da yake danne jaridun da su kada iskar motoci ta kwashe. Tun tana firamare, in an tashi makaranta sai ta zarce gindin teburin nan ta zauna a kan kwali, ta jawo jaridar da ta kwana, ta karanta ta tun daga labarin farko har tallar gwanjon motoci da ke shafin baya. 'Yan uwanta suka laƙaba mata sunan don tsokana. Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har yanzu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, dangi ba su san ta da wani suna ba.

Ba ta zaɓen abin karantawa. Takardar nan ta cikin kwalin magani da kowa ke jefarwa, ita sai ta warware ta, ta bi ta gaba da baya kafin ta yarda wani ya haɗiyi ƙwaya. Da za ta tare a gidan miji, ba ta yi rigima a kan gado ko kujeru ba, a kan kwalayen littattafanta ta yi, don direban motar kaya ya so ya bar su sai wata rana. Mijin nata mai gyaran firji ne, Injiniya ake ce masa, mutum mai sanyin hali. Shi ya kafa mata kantar littattafai a bangon falo, kuma shi ya saba da cin abincin da ya kama a tukunya ba tare da ya ce uffan ba, don ya san wani labari ne ya riƙe ta a tsaye a bakin murhu.

A shagon tabarau take aiki, tsakanin kantin magani da wani mai gyaran waya. Likitan ido yana ɗakin ciki da na'urorinsa, ita kuma tana gaba da durowoyin gilashi, da madubi, da ƙyallen gogewa, da ɗan ƙaramin sukundireban da take ɗaure ƙafar tabarau da shi in ta yi lako-lako. Akwai wani kati da take miƙa wa wanda aka yi wa sabon tabarau na karatu, rubutun da ke jikinsa yana farawa da manya yana ƙanƙancewa har ya koma kamar ƙafar tururuwa. A da, mutum zai riƙe katin ya bi shi layi-layi, wani ma ya fito da littafi daga jaka ya gwada. Yanzu kuwa da ta miƙa sai a ture mata hannu.

"Bar shi, Anti, ga abin da nake son gani," in ji wani dattijo rannan, ya zaro waya ya kai ta kusa da hanci, ya yi sama da yatsa, ya sake yin sama. "Ya yi. Ina gani tar."

"Me aka rubuta, Baba?"

"Oho. Amma dai ina gani."

Irin wannan ba ya ɓata mata rai sosai, don baƙo ne, zai biya ya tafi. Na gida su ne ciwon kanta.

Bayan rasuwar ubansu, Inna ta dawo wurinta da zama, a ɗakin da ke kusa da falo. Autarsu, wadda ke sayar da atamfa da mayafai ta waya, ta buɗe guruf na 'yan uwa ta zuba kowa a ciki, har da 'ya'yan kawunnai da surukai. Tun da Inna a hannun 'Yar Jarida take, duk wani bayani daga wurinta yake fitowa: ranar ganin likita, maganin da aka canja, wanda zai kai ta, wanda zai ɗauko ta. Ita kuwa ba ta iya rubutun gaggawa ba. Sai ta yi sallama, ta gaida manya, ta jera magana daki-daki, ta sa aya inda aya ta dace, ta sake karantawa kafin ta tura.

Abin da take samu shi ne hoton babban yatsa. Wani lokaci kafin ta ɗauke hannunta daga kan wayar har ya iso, alhali ita da ta rubuta ma ba za ta iya karance shi da wannan saurin ba. Can anjima sai wayar ta yi ƙara, mai yatsan ne.

"Jarida, na ga kin yi rubutu. Me ake ciki?"

"Yaya, ai yana nan a rubuce."

"Na gani. Taƙaita min dai, ina da aiki."

Yaya Babba ke nan, wansu, babban ma'aikaci a wani kamfanin inshora, mutumin da ke sa mutane su sa hannu a takardu masu ƙananan rubutu yana ce musu su karanta da kyau. Auta kuwa tata cutar daban ce. Ita ce mai turo dogayen saƙonnin nan da ke yawo, na cewa ruwan ɗumi da lemon tsami yana maganin komai, a sama an rubuta a daure a karanta har ƙarshe. 'Yar Jarida takan daure ta karanta har ƙarshen, ranta yana ɓaci, sannan ta kira ta.

"Auta, kin karanta abin nan da kika turo?"

"Na dai ga kamar yana da amfani, Yaya."

"A ƙarshensa fa an ce mai hawan jini ya ajiye maganinsa. Inna za ki sa ta ajiye nata?"

"Kai, haka aka ce? Ban kai nan ba."

Shi kansa Injiniya bai tsira ba. Bai taɓa rubuta mata kalma ba tun da suka sayi waya. Saƙon murya yake turowa, da ƙarar guduma da hon ɗin motoci a bayansa, ya yi ta gaisuwa da wani da ke wucewa, sai can a ƙarshe ya ce ta saya masa batir in za ta dawo. Ta sha yi masa ƙorafi cewa maganar da za a rubuta a layi ɗaya ba ta kai a sa ta manna waya a kunne a gaban mutane ba. Sai ya yi dariya ya nuna mata yatsunsa masu kauri da baƙin mai, ya ce waɗannan ba a yi su don ƙananan haruffa ba.

Haka ake tafiya, tana rubutu suna yatsa, har ranar da Inna ta wayi gari babu haƙoranta.

Inna tana da haƙoran roba na sama da na ƙasa, an yi mata su shekaru da yawa, kuma sirri ne da take tsaronsa fiye da komai. 'Ya'yanta kaɗai suka sani. Maƙwabta kullum yabon haƙoranta suke yi, suna cewa tsohuwa ce amma ko ɗaya bai faɗi ba, ita kuma tana amsawa da cewa ikon Allah ne. Matsalar ita ce in suka matse mata dasashi takan zare su a ɓoye, ta naɗe a tishu ta tura duk inda hannunta ya kai. A ƙarshen makon nan Yaya Babba ya kai ta gidan Auta wuni, mijin Auta ya dawo da ita. Da safe aka ɗaga filo, aka girgije zannuwa, aka juye jaka, har kwandon shara 'Yar Jarida ta tona, babu su babu labarinsu. Inna ta rufe baki da mayafi ta ce ko Injiniya kada ya shigo gaishe ta, a ce masa tana barci.

'Yar Jarida ta makara zuwa aiki. A tsaye a cikin bas ta rubuta saƙon, hannu ɗaya a ƙarfe, kuma a karon farko a rayuwarta ta tsallake gaisuwa. Ta tura wa guruf cewa Inna ta rasa haƙoranta na roba tun jiya, suna naɗe a farin tishu, don Allah Yaya ya duba motarsa, Auta ta duba kujerun falonta da motar mijinta, kada wani ya ɗauka shara ce ya zubar. Sai da ta tura ta tuna guruf ɗin cike yake da surukai. Ta ce a ranta ba komai, ai ba karantawa za su yi ba. Da ta isa shago ta tarar da mutane a layi, ta kashe ƙarar wayar ta jefa ta a durowa, don likita ba ya son ganin waya a hannun ma'aikaci in akwai masu jira.

Yaya Babba yana tsakiyar taro a ofis wayarsa ta yi haske a kan tebur. Ya saci kallo, ya ga kan saƙon da ke leƙowa a saman gilashi: Inna ta rasa. Idonsa ya mayar da harafin ƙarshe abin da ya ga dama. Ya miƙe tsaye ya ce wa abokan aikinsa an yi masa rasuwa, ya fita baranda, ya rubuta a guruf: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙan Inna.

Duk wanda ya buɗe bayan nan, nasa ya gani, don shi ne a ƙasa kuma shi ne gajere. Auta ta turo saƙon murya ba a jin komai sai kuka. 'Ya'yan kawu suka kwashi labarin suka kai wasu gurufofin. Wani suruki ya nemo hoton Inna na wajen wani biki ya liƙa a fuskar wayarsa. An yi ta kiran 'Yar Jarida ba ta ɗauka ba, aka ce ai dole, tana can hankalinta a tashe. Injiniya kuwa yana cikin ɗakin sanyi na wani kantin kifi, inda waya ba ta shiga.

Wajen tsakar rana, tana ɗaure wa wata yarinya ƙafar tabarau, sai ga matar da ke kantin magani ta shigo a hankali, ta zagayo bayan teburin ta kama mata hannu.

"Anti, ashe kina nan? Ai da kin tafi gida, likita ba zai hana ki ba. Sai haƙuri."

"Haƙurin me?"

Matar ta ce ta duba wayarta. 'Yar Jarida ta jawo durowa. Wayar har ta yi ɗumi. Ta yi sama, ta yi sama, tana wuce addu'o'i da hotunan fuska mai hawaye, har ta kai kan nata saƙon, yana nan yadda ta rubuta shi, ko harafi ɗaya bai kauce ba.

A cikin tasi ta rubuta da manyan haruffa cewa Inna tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau. Amsa ta farko da ta shigo ita ce amin. Ta biyu ma amin. Ta kife wayar a cinya ta ce wa direba ya ƙara wuta.

Tun daga matakalar bene ta fara tsallake takalma. Abin da ya faru kafin ta iso shi ne, an yi ta buga ƙofa Inna ta ƙi buɗewa ta kuma ƙi amsawa, don ba ta son a ji muryarta babu haƙora. Wannan shirun ya ƙara tabbatar wa mutane. Sai da Auta ta zo da nata makullin, ta shiga da gudu, ta tarar da Inna zaune a bakin gado tana kallon talabijin, mayafi a baki. Auta ta zame ta zauna a ƙasa. To amma labari ya riga ya yi nisa, mutane ba su daina zuwa ba, kuma duk wanda aka gaya wa gaskiya a falo sai ya ce sai ya gani da idonsa. Haka aka yi ta shiga ɗakin ɗaya bayan ɗaya ana leƙa Inna, ita kuma tana gyaɗa kai, idanunta kamar za su kama da wuta.

Yaya Babba yana tsaye kusa da kantar littattafai, ya kwance wuyan rigarsa. Yana ganin ƙanwarsa ya riga ta magana.

"Ke ma da laifinki, Jarida. Wa ke fara saƙo da irin wannan kalmar?"

"Wace kalma, Yaya?"

"Kin san abin da nake nufi. Mutum yana cikin aiki, ya ga abu a gurguje."

Tun da take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba. Ta buɗe saƙon ta miƙa masa wayar.

"Karanta min, don Allah. A bayyane."

Ya laluba aljihu ya fito da tabarau, wanda ita da kanta ta zaɓar masa. "Inna ta rasa," ya ce, ya tsaya.

"Ci gaba."

"Haƙoranta na roba."

Maƙwabciyarsu ta ƙasa, wadda ta fi kowa yabon haƙoran Inna, ta ce a hankali, "Au, ashe na roba ne?" Daga cikin ɗaki aka ji an kashe talabijin. Nan take 'Yar Jarida ta gane cewa ta yi nasara a kan wanta, ta kuma jawo wa kanta abin da ya fi.

Inna ta yi kwanaki ba ta yi mata magana ba. Wanda ya kashe ta da baki, ta yafe masa tun a ranar, ta ce ai ƙauna ce ta sa ya ruɗe. Wadda ta tona asirin haƙora ita ce mai laifi. 'Yar Jarida ta kai abinci a mayar mata, ta yi gaisuwa a amsa da ka. Haushi ya ishe ta, ta fice daga guruf ɗin ba tare da sallama ba, ta ce wa Injiniya daga yau kowa ya nemi labarin uwarsa da ƙafarsa.

Ta yi niyyar ta mayar da lokacin kan karatunta. Akwai wani littafi mai kauri da ta saya tun bara, yana kan kanta ko ledarsa ba ta cire ba. Ranar hutunta ta yi shara, ta zauna kusa da taga, ta buɗe shi. Ta karanta shafin farko, ta shiga na biyu, sai ta ga hannunta a kan waya. Babu wanda ya kira, babu abin da ya shigo. Ta ajiye ta koma, ta tarar ta manta wane ne mutumin da ake magana a kansa, ta dawo farko. Kafin ta kai inda ta tsaya, hannun ya sake tafiya. Ita da ta taɓa cinye littafi a zama ɗaya har ƙafarta ta yi sanyi, yau ga ta tana lissafin shafukan da suka rage kafin babi ya ƙare. Wannan ya fi komai ba ta haushi, don babu wanda za ta kira ta yi wa faɗa. Ta tashi ta kai wayar kicin ta tura cikin wata tukunya ta rufe. Da ƙyar ta gama babin ranar, tana yi tana jin kamar ana kiranta daga kicin.

Ficewar ma ba ta sama mata hutu ba. Yanzu sai a ɗauki hoton abin da wani ya rubuta a guruf a turo mata ita kaɗai, a ce ta duba ta faɗi abin da ake nufi. Kawu ya kira ta a wurin aiki ya ce ya ji an ce ta yi fushi, to ba a fushi da dangi. Ba a yi mako biyu ba Auta ta mayar da ita guruf ɗin ba tare da ta tambaye ta ba, aka yi ta turo hoton tafi.

Haƙoran kuwa mai wankin mota ne ya tsinto su a aljihun ƙofar motar Yaya Babba, motar da ya zo gaisuwar mutuwa a cikinta. Yaya Babba ya aiko direbansa da su, shi bai zo ba. Inna ta wanke su ta mayar, ta motsa baki ta ji sun zauna, sannan ta ƙwala wa 'yarta kira, karo na farko tun ranar.

"Zo da wayar nan taki. An ce mutane sun yi rubutu a kaina."

"Inna, ai shirme ne, an wuce wurin."

"Ni ban wuce ba. Zauna ki karanta min. Duka."

Inna ba ta yi makaranta ba, amma 'Yar Jarida ba ta taɓa samun mai sauraro irinta ba. Ba ta yarda a tsallake ko layi ɗaya. In an karanta addu'a sai ta ce amin, ta tambayi wanda ya rubuto. Ita ta fara lura cewa mutum uku sun turo addu'a iri ɗaya, har da kuskure iri ɗaya, ta ce waɗannan kwafa suka yi, ba daga zuciyarsu ba ne. Da aka zo kan wata jikanyarta da ke karatu a nesa, wadda ta rubuta dogon bayani a kan yadda Inna ke ɓoye mata alawa a ƙarƙashin filo tana ƙarama, sai ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta goge ido da bakin mayafi.

"Wa ya ba ta amsa?"

'Yar Jarida ta duba. "Babu kowa, Inna. Ya yi tsawo."

"To kira min ita." Sai ta ƙara da cewa, "Ƙanwata fa, me ta ce?"

"Hoton fuska mai kuka ta turo."

"Shi ke nan? Na goya ta, na yi mata aure, hoton fuska?"

Sai da suka kai la'asar suna wannan aiki, kuma Inna ta fito da jerin mutanen da za ta yi wa magana in sun haɗu.

'Yar Jarida tana nan a shagon tabarau har yanzu. Littafin mai kauri ta wuce rabinsa, a hankali, wayar tana cikin tukunya duk ranar hutu, har Injiniya ya saba da ɗaga murfi in yana neman ta. Rubutunta a guruf bai rage tsawo ba, ta ce ba za ta koyi rubutun kaji da tsufanta ba. Abu ɗaya ta ƙara: kowane saƙo yanzu da layi ɗaya yake farawa, da manyan haruffa, cewa babu wanda ya mutu, sannan sallama ta biyo baya. Makon jiya ta tura bayanin canjin ranar ganin likitan Inna. Tana cikin goge wani gilashi wayar ta yi ƙara, Yaya Babba ne.

"Jarida, na ga kin yi maganar mutuwa. Wane ne?"

Ta ce masa tana da mutane a gabanta, ya koma ya karanta. Ya ce to, zai duba in ya samu sarari, amma dai ta ɗan taƙaita masa.